Yadda Mata Suka Riƙe Ƙungiyar Zaman Lafiya Tsakanin Yaƙin Duniya Biyu

 Yau za mu leƙa nahiyar Turai, mu duba shekarun da ke tsakanin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 da ɓarkewar na Biyu a 1939. A wannan tsakanin ne wasu mata daga ƙasashen da suka gama zubar da jinin juna suka tafiyar da ƙungiya guda, mai suna Ƙungiyar Mata ta Duniya don Zaman Lafiya da 'Yanci, wadda ake taƙaita sunanta da WILPF. Idan ana ba da labarin irin waɗannan ƙungiyoyi, yawanci jawabai ake tunawa da su, da lambobin yabo, da sunayen shugabanni. Mu kuwa yau ofis za mu shiga, mu duba kuɗin haya, da aikin tafinta, da wasiƙu, da ƙa'idar jefa ƙuri'a. Hujjar da shirin zai kafa ita ce, babban aikin sulhun da matan nan suka yi shi ne riƙe ƙungiyar kanta, domin a cikin tafiyar da ita ne suka gwada ko mutanen da ƙasashensu ke gaba da juna za su iya yin saɓani mai zafi ba tare da sun rabu ba. Akwai masu ganin wannan ƙaramin abu ne, har ma suna cewa ƙungiyar ta gaza, kuma za mu saurari hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Asalin abin ya faro ne ana tsakiyar yaƙi. A ƙarshen watan Afrilun 1915, wata likita 'yar ƙasar Holan mai suna Aletta Jacobs tare da abokan gwagwarmayarta suka kira taron mata a birnin Hague. Mata sama da 1,100 daga ƙasashe 12 suka halarta, Ba'amurkiya Jane Addams ta shugabanci zaman. Matan Birtaniya kusan 180 ne suka yi niyyar zuwa, gwamnatinsu ta hana yawancinsu takardun tafiya, aka kuma rufe hanyar teku, har uku kacal suka samu shiga zauren. Taron ya tura wakilai zuwa fadojin gwamnatocin Turai, suna roƙon ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba su shiga tsakani. Ba a saurare su ba, yaƙi ya ci gaba har shekara uku da rabi. Sai dai kafin su watse sun yi alkawarin cewa duk inda aka zauna ƙulla yarjejeniyar sulhu, su ma za su taru a lokacin.

Da lokacin ya zo a 1919, sai matsala ta farko ta tafiyar da ƙungiya ta bayyana. A Paris ake zaman sulhu, amma matan Jamus da na Ostiriya ba su da izinin taka ƙasar Faransa. Zaɓi biyu ke gabansu: su taru a Paris kusa da masu mulki ba tare da Jamusawa ba, ko su yi nisa da masu mulki su taru gaba ɗaya. Suka zaɓi na biyu, suka tafi Zurich a ƙasar Suwizalan a watan Mayu. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin yadda suka ga ƙawayensu na Jamus da Ostiriya sun rame, fuskoki sun faɗa, saboda har lokacin ƙasashen da suka ci yaƙi ba su janye takunkumin da ya hana abinci shiga ba. Ana cikin zaman sai ga Jeanne Mélin, Bafaranshiya daga yankin Ardennes wanda sojan Jamus suka mamaye. Bajamushiya Lida Gustava Heymann ta tashi ta tarye ta a kan dandamali, suka riƙe hannun juna a gaban jama'a. A daidai wannan lokacin ne sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles suka fito fili, taron ya karanta su, ya aika wa Paris saƙon tangaraho cewa sharuɗɗan nan shuka ne na wani yaƙin. Suna cikin na farko-farko a duniya da suka faɗi haka a hukumance. Mai sauraro ya lura, da a ce sun zaɓi Paris, babu wanda zai ɗauki maganarsu a matsayin muryar ɓangarori biyu. Shawarar wurin taro ce ta ba ƙudurinsu nauyi.

A Zurich ɗin aka raɗa wa ƙungiyar sunanta na yanzu, aka kuma yanke cewa hedikwata za ta zauna a Jeneba, inda sabuwar Majalisar Ƙasashen Duniya, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, za ta kafa ofishinta. Suka kama hayar wani tsohon gida mai ɗan lambu a tsohon garin, suka sa masa suna Maison Internationale. A nan ake buga wasiƙu, a nan ake ajiye takardu, a nan kuma baƙi ke sauka su biya kuɗin kwana, abin da ke rage wa ƙungiya nauyin haya. Sakatariya ta farko, wadda kuma ita ce ma'ajiya, ita ce Emily Greene Balch, malamar tattalin arziki da kwalejin Wellesley ta Amurka ta ƙi sabunta wa aiki saboda adawarta da yaƙi. Aikin da ke kan teburinta ba mai ɗaukar ido ba ne. Harsunan aiki uku ne, Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, don haka kowane ƙuduri sai an juya shi sau biyu, kuma kalma ɗaya da ta karkace tana iya tayar da ƙura tsakanin rassa. Shugabar ƙungiya tana Chicago, sakatariya tana Jeneba, wasiƙa sai ta bi jirgin ruwa, amsarta kan ɗauki makonni. Kwamitin zartarwa ba ya haɗuwa sai jifa-jifa. Tsakanin zama da zama, sakatariya ce za ta yanke ko ta fitar da sanarwa da sunan ƙungiya ko ta yi shiru, kuma ko wanne ta yi akwai reshen da zai ji haushi. Daga 1925 suka fara buga wata 'yar jarida mai suna Pax International a harsunan nan uku, domin mamba da ke Sofiya ta san abin da 'yar'uwarta ke yi a Dublin.

Batun kuɗi shi ne na biyu, kuma ya fi kowanne tsauri. Bayan yaƙi kuɗin Jamus da na Ostiriya sun zama takarda, a 1923 ma farashi a Jamus yakan ninka cikin kwanaki. Mambobin can ba su da abin biya, don haka mafi yawan abin da ke tafiyar da ofishin Jeneba daga reshen Amurka yake fitowa, wani lokaci ta hannun Jane Addams kanta, wadda ke bin masu hali tana nema. Kowa ya san halin ɗan Adam, wanda ke bayarwa yakan so a ji maganarsa fiye da ta saura. Abin da ya hana ƙungiyar zama ta Amurkawa zalla shi ne tsarin da suka shimfiɗa: yawan kuɗin reshe ba ya saya masa kujera a kwamitin zartarwa, kuma babban taro yana kewayawa daga ƙasa zuwa ƙasa. An yi shi a Biyena a 1921, Washington a 1924, Dublin a 1926, Prague a 1929, Grenoble a 1932, Zurich a 1934, sai Luhačovice ta ƙasar Cekoslobakiya a 1937. Da Addams ta sami lambar yabo ta Nobel a 1931, sai ta ba ƙungiyar kuɗin da ta samu. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, darajar dala ta faɗi, asusu ya kusa ƙarewa a 1934, Balch ta dawo Jeneba ta riƙe ofis shekara ɗaya da rabi ba albashi. Za a iya yaba wannan sadaukarwa, amma dole a faɗi gaskiya cewa rauni ne ƙungiya ta dogara da aljihun reshe ɗaya da kuma haƙurin mutum ɗaya.

Yanzu mu zo kan rigimar da ta fi daɗewa, wato wa ke da iko. Babban taro yana zaɓen 'yan kwamitin zartarwa ne a matsayinsu na ɗaiɗaikun mutane, ba wakilan ƙasashensu ba. Matan Faransa ƙarƙashin Gabrielle Duchêne da na Jamus ƙarƙashin Heymann da Anita Augspurg suna son a bar shi haka, har ma a ƙara wa kwamitin ƙarfi. Hujjarsu ita ce kishin ƙasa ne ya jefa Turai cikin yaƙi, don haka ƙungiyar da ke yaƙar wannan cuta ba za ta gina kanta a kan tutocin ƙasashe ba. Matan Birtaniya kuwa, irin su Kathleen Courtney, tare da na ƙasashen arewacin Turai, suna cewa reshe ne ya san halin ƙasarsa, shi ke da mambobi, shi ke fuskantar 'yan jarida da 'yan majalisa, don haka bai kamata wasu 'yan tsiraru a Jeneba su yi magana da yawunsa ba tare da izininsa ba. A ƙarƙashin wannan gardama ta tsari akwai wata ta aƙida. Ɓangaren Faransa da Jamus na ganin yaƙi ɗan jari-hujja ne, ba za a rabu da shi ba sai an sauya tsarin tattalin arziki, kuma wasunsu ba sa son a la'anci talakan da ya ɗauki makami don ƙwatar 'yancinsa. Ɓangaren Birtaniya, inda mabiya ɗariƙar Kweka masu ƙin kowane irin faɗa ke da yawa, na ganin tashin hankali haramun ne ko da wa ya yi shi, kuma ta hanyar majalisa da doka ake kawo gyara. Wannan ja-in-ja ya ci mutane. Mary Sheepshanks, wadda ta riƙe ofishin Jeneba daga 1927, ta ajiye aiki a 1930 saboda ta gaji da zama tsakanin ɓangarorin biyu. A taron Zurich na 1934 aka amince da sabuwar manufa mai cewa zaman lafiya na gaskiya ba zai samu ba a ƙarƙashin tsarin cin gumin wasu da fifita riba, kuma da yawa daga matan Birtaniya sun koma gida ransu a ɓace.

A nan ne mai suka na farko zai miƙe ya ce, to ina amfanin masu wa'azin zaman lafiya da ba su iya zama lafiya a gidansu ba? Tambayar tana da ƙarfi, amma ta ɗauki zaman lafiya a matsayin rashin saɓani, alhali Bahaushe ya riga ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin aunawa shi ne me ake yi da saɓanin idan ya zo. A shekarun nan jam'iyyun ma'aikata na Turai sun dare gida biyu, masu ra'ayin gurguzu da masu sassauci suna kiran juna maciya amana, har a Jamus suka kasa haɗa kai a gaban Hitila. Majalisar Ƙasashen Duniya kanta ta ga Japan da Jamus sun fice a 1933, Italiya ta bi su a 1937. Ƙungiyar matan nan tana ɗauke da irin waɗannan ra'ayoyi masu karo da juna a cikin ɗaki ɗaya, wasu ɗaiɗaiku sun fita, amma ba ta rabe biyu ba. Dalili kuwa dabaru ne na tafiyarwa. Da Addams ta sauka daga shugabanci a 1929, ba su naɗa mace ɗaya a gurbinta ba, sai suka raba kujerar tsakanin mata uku daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da Bajamushiya Gertrud Baer da Clara Ragaz ta Suwizalan, don kada wani ɓangare ya ce an ƙwace masa gida. Sun bar wa kowane reshe sarari ya yi aikin da ya dace da ƙasarsa muddin bai goyi bayan yaƙi ba. Kuma sun riƙa rubuta manufa da kalmomin da kowane ɓangare zai iya zama a ƙarƙashinsu, ko da bai ƙoshi ba. Wannan shi ne ainihin aikin da ake nema daga masu sasanta ƙasashe, su kuma sun yi ta yin sa a kan kansu shekara ashirin.

Mai suka na biyu zai ce, duk wannan tsari ne kawai, me ya haifar a waje? Bari mu duba. Reshen Amurka ya damu da mamayar da sojan ƙasarsu suka yi wa Haiti tun 1915, sai ƙungiya ta tura tawagar bincike a 1926 ƙarƙashin Balch, cikinta har da mata baƙaƙen fata biyu, ɗayarsu Addie Hunton. Rahoton da suka buga a 1927 ya nemi a janye soja a mayar wa mutanen Haiti mulkinsu, kuma hukumar da gwamnatin Amurka ta tura daga baya ta zo da shawarwari masu kama da nasu, soja suka fice a 1934. Masana kimiyyar sinadarai biyu na ƙungiyar, Gertrud Woker ta Suwizalan da Naima Sahlbom ta Suwidin, sun ziyarci sansanin gwajin iskar gas mai guba na sojan Amurka a Edgewood a 1924, suka dawo suka kafa kwamiti, suka yi ta rubuce-rubuce, har suka shirya taron masana a Frankfurt a 1929 kan abin da yaƙin zamani zai yi wa farar hula. A 1930 ofishin Jeneba ya kira taro kan mutanen da sauyin iyakoki ya bari ba su da ƙasa. A Washington kuwa, sakatariyar reshen Amurka Dorothy Detzer ta yi ta kamun ƙafa a majalisar dattawa har Sanata Gerald Nye ya yarda ya ɗauki batun masu sayar da makamai, kwamitinsa ya zauna daga 1934 zuwa 1936, ya yi wa shaidu sama da 200 tambayoyi, cikinsu har da manyan masu banki da masu masana'antar harsashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu ba tare da ofis mai tattara bayanai, da asusun biyan kuɗin jirgi, da suna wanda gwamnatoci suka sani ba.

Aikin da ya fi nuna ƙarfin wannan tsari shi ne takardar koken kwance ɗamarar yaƙi. Rassa suka bazu gida-gida, coci-coci, bakin masana'antu da kasuwanni, suna karɓar sa hannu. Ranar 6 ga Fabrairun 1932, a zauren babban taron kwance ɗamara a Jeneba, wanda Arthur Henderson na Birtaniya ke shugabanta, aka ba mata dama su gabatar da abin da suka tara. Suka shigo a jere, ana kiran sunan ƙasa ana faɗin adadin waɗanda suka sa hannu, wakiliyarta ta matso ta ajiye ƙunshin takardu a gaban manyan jakadu, har tarin ya cika teburi. Jimillar abin da ƙungiyoyin mata suka kawo ya kai sa hannu miliyan 8, kuma kusan miliyan 6 daga ciki ta hannun WILPF suka fito. A zamanin da babu intanet, babu wayar hannu, kowane suna da alƙalami aka rubuta shi, aka ƙirga, aka ɗaure, aka sa a jirgi. Wanda ya taɓa haɗa ko da sunayen mutanen unguwa ɗaya ya san abin da wannan ke nufi.

Sai mai suka na uku, wanda hujjarsa ta fi ta kowa nauyi, ya ce: taron kwance ɗamarar ya watse ba sakamako, Jamus ta fice a Oktoban 1933, Italiya ta afka wa Habasha a 1935 har da iskar gas mai guba, yaƙi ya zo a 1939 ya ci rayuka fiye da na farko. Ashe ba gazawa ke nan ba? Kuma ashe masu cewa a ajiye makami ba su sauƙaƙa wa Hitila hanya ba? Kashi na farko gaskiya ne, ba su hana yaƙi ba. Amma ƙungiyar da ba ta da soja, ba ta da baitulmali, wadda matan Faransa a cikinta ko ƙuri'a ba su da ita sai 1944, ba ita za a ɗora wa alhakin abin da gwamnatoci masu jiragen yaƙi suka kasa ba. Abin da ke hannunta shi ne ta faɗi gaskiya da wuri, ta kuma ajiye hanyar magana a buɗe. Kashi na biyu kuwa tarihi bai goyi bayansa yadda ake zato ba. Tun a 1923, bayan 'yan Nazi sun far wa wani taro a Munich, Augspurg da Heymann suka je wurin ministan cikin gida na jihar Bavaria suka nemi a kori Hitila daga ƙasar, tun da a lokacin ɗan Ostiriya ne. Ba a yi ba. Da ya hau mulki a 1933 suna tafiya a waje, ba su sake komawa gida ba, aka ƙwace dukiyarsu, aka lalata takardunsu, reshen Jamus ya rushe, su biyun suka rasu a gudun hijira a Zurich a 1943. Saboda akwai Jamusawa a cikin kwamitin zartarwa, ƙungiyar ta san halin 'yan Nazi tun kafin yawancin 'yan siyasar Landan da Paris su farka. Inda ta rasa bakin magana guda shi ne kan abin da za a yi: wasu na son takunkumin tattalin arziki mai tsanani, wasu na tsoron takunkumi ƙofar yaƙi ne. Balch kanta, bayan harin Pearl Harbor a 1941, ta yarda da baƙin ciki cewa dole a yaƙi Hitila, amma ba ta bar ƙungiyar ba, ba a kuma kore ta ba.

Akwai suka ta huɗu da ta shafe mu kai tsaye, kuma ba za a kauce mata ba. Ƙungiyar da ke kiran kanta ta duniya, kusan dukkan shugabanninta Turawa ne masu ilimi da abin hannu, waɗanda za su iya biyan kuɗin jirgin ruwa su bar gida wata guda. A taron Zurich na 1919, Mary Church Terrell, baƙar fata daga Amurka, ta tashi ta nuna wa zauren cewa ita kaɗai ce ba farar fata ba a cikinsu, ta kuma gargaɗe su cewa zaman lafiya ba zai ɗore ba muddin ana zaluntar mutane saboda launin fata. A yaƙin da suke makokinsa, sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa, sun yi faɗa a Kamaru da Afirka ta Gabas, amma iyayensu mata da matansu ba su da kujera a Jeneba. A 1929, shekarar da aka yi taron Prague, matan yankin Aba a kudu maso gabashin Nijeriya suka tashi kan haraji da sarakunan da Turawa suka naɗa, aka harbe kimanin 50 daga cikinsu, kuma babu reshen ƙungiyar a ƙasar da zai kai kukansu. Gaskiya ne ƙungiyar ta soki mulkin mallaka, ta tura Edith Pye da Camille Drevet zuwa Sin da Indocina a 1927, Detzer kuma ta tsaya wa Laberiya lokacin da ake neman ɗora mata mulkin baƙi a kan rikicin bashi da gonar robar kamfanin Firestone. Amma yi wa mutum magana daban, ba shi wurin zama ya yi da bakinsa daban. Wannan suka ma tana ƙarfafa hujjarmu ne: giɓin ya fito daga tsarin tafiyarwa, daga kuɗin tafiya da harsunan aiki da wuraren taro, kuma ta nan aka gyara shi daga baya. A 2018 ƙungiyar ta yi babban taronta a Accra ta zaɓi 'yar Nijeriya Joy Onyesoh shugaba, a 2022 kuma Sylvie Ndongmo ta Kamaru ta gaje ta.

Da yaƙi na biyu ya rufe Turai, Gertrud Baer ta koma New York a 1940 tana aika wasiƙun zagaye ga duk reshen da saƙo zai iya kaiwa, Clara Ragaz tana riƙe da abin da ya rage a Suwizalan, mambobin Amurka suna cika takardun lamuni don 'yan gudun hijira su samu shiga. A 1946 waɗanda suka tsira suka haɗu a Luxembourg, aka kawo shawarar a rufe ƙungiyar, aka tattauna, aka jefa ƙuri'a, masu son a ci gaba suka yi rinjaye. A shekarar ce Balch ta karɓi lambar Nobel. A 1948 ƙungiyar ta samu matsayin mai ba da shawara a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma tana cikin waɗanda suka matsa har Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 a shekarar 2000, wanda ya ce dole a sa mata a teburin sasanta rikici. Abin da matan Hague suka nema a 1915 ke nan, ya ɗauki shekara 85, kuma ya samu wanda zai ci gaba da nemansa ne saboda ofishin bai mutu ba.

Saboda haka, jama'a masu sauraro, duk mai riƙe da wata ƙungiya, ta mata ce ko ta matasa ko ta sasanta manoma da makiyaya, yana da abin ɗauka a nan. A rubuta tun farko wa ke da ikon magana da sunan ƙungiya, da yadda za a yanke hukunci idan ra'ayi ya rabu. Kada a bar asusu ya rataya a wuyan mai bayarwa ɗaya. A duba wanda kuɗin mota ko harshen taro ya hana shi zuwa, a nemo hanyar kawo shi. A ajiye takardu da kyau, a kuma girmama sakatare da ma'aji kamar yadda ake girmama mai jawabi. Wanda kuka yi saɓani da shi yau, a bar masa kujerarsa, domin gobe kuna iya buƙatar abin da shi kaɗai ya sani.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau.  Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.